Masu raya mataccen hili a Tawa: aikin da sunka yi muna ga tsohon gareji, da daɗinshi da haushinshi

Mutane da dama sun tambaye ni su wa sunka yi muna aikin hilinmu na hanyar Ƙonni, wanda da can garejin manyan motoci ne, to bari in faɗi abin da na gani gaba ɗaya kowa shi huta. Wasu samari ne da ke da gandun rainon itace nan cikin Tawa, galibin aikinsu gyaran faƙo ne a karkara tare da masu furoje, namu kuwa cikin gari ne kuma matsalar ba taurin ƙasa ba ce kaɗai, harda guba. Ba zan sa sunansu ba tunda akwai inda zan taɓa su. Hukuncina dai shi ne sun san ƙasa sani na gaske, kuma sun faɗa muna gaskiya daidai wurin da ƙarya za ta hi kawo musu kuɗi, amma bibiyar aiki bayan an shuka da sha'anin takardu sai dai haƙuri.

Hilin ya ɗan haura rabin eka, gadon kakanmu ne, anka ba wasu haya tun muna yara. Kamyon albasa masu tahiya Abijan da Akara da masu ɗauko siminti daga Malbaza duk nan suke zuwa bidanj, a kwance inji a wanke shi da gazuwal, baƙin mai kuma ba wanda ya taɓa tunanin tara shi cikin tono, ƙasa ake tuttulawa wai ma shina kashe ƙura. Can kusurwar gabas akwai wani mai fasa tsoffin batira, shi narka dalmar shi sayar, ruwan batirin kuma a watsa gindin katanga. Da masu hayar sunka tashi, magada sunka haɗa kuɗi anka kira wani ɗan kwangila da katafila da ben, ya kwashe tayoyi da ƙarahuna, ya kankare sama-sama, ya zubo jar ƙasa ya bi ta kai da inji ya daddale. In ka tsaya bakin godoro ka hango sai ka ce an gama, wuri tas. Damana ta zo ta wuce ko ƙarangiya ba ta hito ba, ko tumfafiya da ba ta zaɓen wuri, ruwa kuma in ya kwanta sai ka ga samanshi na ƙyalli launi-launi.

A haka samarin nan sunka samu wurin. Ranar farko ba su yi maganar kuɗi ba sam, ba debi, wato takardar ƙiyasin kuɗin aiki, ba komi, da diga da pel sunka zo. Shugabansu, Injiniya muke ce mishi, ya sa anka gina ramukka nan da can har zurhin gwiwa, jar ƙasar da anka zubo ba ta wuce taƙi guda ba, ƙarƙashinta baƙa ƙirin mai danƙo. Ya ɗebo da hannu ya murje ya miƙa ma ƙanen mahaihinmu ya ce "Kawu shinshina ka ji", warin gazuwal ne tsab bayan shekarun ga duka. Sai ya karɓi butar alwala ya tsiyaya ruwa bisa ƙasar, ruwan ya dunƙule ya gangara gehe kamar ka zuba shi cikin kwanon da anka ci tuwo da man shanu, ko ɗigo bai shiga ba. Kawu ya yi shiru can ya ce "ashe mutumin ga ruhe muna ita kawai ya yi". Injiniya bai zagi ɗan kwangilar ba, cewa ya yi kwashe shara daban raya ƙasa daban, shi wancan an biya shi don ido shi ga tsabta kuma ido ya gani.

Sun raba hilin gida uku, inda mai ya jiƙa, da inda taurin tayar kamyo ne kawai ya kashe, da kusurwar batir, kuma kowane da irin aikin da sunka yi mishi. Wanga rabo shi ne ƙwarewarsu, don ni da na ɗauka magani guda za a yi ma wurin duka.

Wajen man nan ne na hi tsayawa kallo don ban taɓa ganin irinshi ba. Sun tone baƙar ƙasar sunka shimfiɗa ta bisa leda mai kauri da anka ɗaga gehenta da laka, don kada ruwan da ya ratsa ta shi sauka ƙasa shi nemi rijiyoyin maƙwabta, ba a tara ta da tudu ba, shimfiɗa ce da ba ta kai kamu guda ba. Sannan anka gauraya da takin shanu da na awaki daga kasuwar dabbobi, da ƙaiƙayi da karan hatsi da anka sassara ƙanana, a yayyafa ruwa ta yi damshi ba tare da ta caɓe ba, bayan kamar kowane sati biyu a zo da pel a juya ta gaba ɗaya. Bayanin da ya yi muna, cikin ƙasa da taki akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani masu cin mai, abincinsu ne, amma suna son iska da laima da ɗan sinadarin da taki ke bayarwa, in ƙasa ta daddale ba iska sai su tsaya, shi ya sa mai zai kwana shekara da shekaru ƙarƙashin jar ƙasa da warinshi. Zahinmu na Adar ma wai taimako ne gare su matuƙar ba a bari ta bushe ƙamas ba. Kuma bai ɓoye ba, ya ce gazuwal na saurin tahiya, baƙin man inji kuwa mai nauyi ne, ragewa za shi yi sosai amma kada wani shi ce muna za shi ƙare ƙarƙaf. Da idona na ga canjin, ƙasar da ke manne ma pel ta koma tana warwatsewa, baƙin ya dushe, wari ya koma na juji, daga baya in ka ɗaga kara sai ka ga gara ta shiga tana aikinta. Na sake gwada butar da kaina ruwa ya shige. Aiki ne na watanni ba na sati ba, wanda ke gaggawar ganin kore gara kada ma shi fara.

Wajen faƙon kuwa ba sabon abu, abin da iyayenmu sunka sani ne, rabin wata da tassa, wato gina mai siffar rabin wata da ƙananan ramukka masu tare ruwan sama. Rabin watan mita 4 ne faɗinshi, bakinshi na kallon inda ruwa ke gangarowa, a jere su saɓi-zarce yadda ruwan da ya kuɓuce ma na sama za shi faɗa na ƙasa, a lissahin ma'aikatan gandun daji hekta guda na cin 313. Tsakaninsu anka gina tassa anka zuba taki hannu-hannu. Garin da ruwan shekara ke tsayawa wajen milimita 350 zuwa 400, kuma shi sauko da ƙarhi cikin ɗan lokaci shi gudu, duk wayon shi ne ka tare shi inda ya faɗo. Mu mutanen jihar Tawa ba baƙi ba ne ga wanga, furojen Keita da Italiya da FAO, hukumar noma da abinci ta duniya, sunka fara a 1984 da hannu anka gyara duwatsu da faƙo, kuma mata ne sunka hi yawa cikin masu ɗaukar dutsin, tassa kuma manoman Illela sun gano yadda ake inganta ta can Yatenga ta Burkina a ƙarshen shekarun 1980 sunka dawo ta bazu har Badagishiri, har ta kai ana sayen faƙon da da ba mai so ko kyauta. Cikin leburorin da sunka kawo akwai wata dattijuwa da ta ce tun tana budurwa ta yi aikin Keita ana biyansu da abinci, in ka ga yadda take duba gangare da ido kawai ta ce a karkata bakin rabin watan nan, samarin masu takardar digiri sai su bi ba gardama. Ni dai a ganina ita ya kamata a ninka ma lada, amma wa ya tambaye ni.

Rigimar ta taso ne a kusurwar batir. Gwaggonmu tun farko burinta garka, zogala da salati da yakuwa da tumatir, kuma kusurwar nan take so don ita ce kusa da pampo kuma katanga na tare iska. Injiniya ya ce a'a. Ta ce za ta ƙara kuɗi a zubo taki ben guda, ya ce "Hajiya ko ben goma anka zubo ba ni sa hannu". Dalilinshi, mai ana cinye shi amma dalma ƙarhe ce, ba ƙwayar da ke cinta, ba ta ruɓewa, ba rana ko ruwan da ke kashe ta, inda ta faɗi nan take har jikoki. Ba ta da wari, ƙasa na iya yin kyau itace shi yi kore shar alhali tana nan, kuma hanyar da ta hi shiga jiki ita ce ƙura, ƙurar da ke manne ma ganye da wadda yaro ke kaiwa baki in shina rarrahe ko wasan ƙasa. Ya tuna mata abin da ya faru a Zamfara a 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum inda ake niƙa dutsin zinariya cikin gidaje, yara sama da 400 sunka rasu da gubar dalma, kuma likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ba su fara ba yaran ƙauye magani sai an kankare ƙasar gidajen an hid da ita tukuna, don in ka warkar da yaro ya koma bisa ƙasar nan aikin banza ne, garin Bagega ma sai 2013 anka share shi. Hukumar lahiya ta duniya ta ce babu wani ɗan adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba komi, tana taɓa ƙwaƙwalwa ne kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Gwaggo ta yi hushi ƙwarai, ta ce yaran zamani da tsoro, kakanmu ya noma wurin nan kamin a haihi ubanshi. Ya ce "gaskiya ne Hajiya, lokacin ba a fasa batir a nan ba".

Ku lura fa, da ya ce to, da ya sayar muna da taki da iri da tiyo da aikin kwalbatin ruwa, gwaggo ta yi ta sa mishi albarka, ba wanda za shi taɓa ganewa. Wanga kaɗai ya isa in ce ma duk mai irin hilin nan shi neme su.

Sun ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban cikin leda, kowace da lambarta, anka aika Yamai. Nan ga shawara ga mai niyya, INRAN, cibiyar binciken noma ta gwamnati, na da labo na gwajin ƙasa a Yamai, amma ko ina za ka kai ka faɗi baki da baki cewa dalma kake son a duba, don gwajin da anka saba yi ma manoma na ƙarhin ƙasa ne, tsami da gishiri da abincin shuka, takarda na iya hitowa da kyau alhali ba a ma nemi dalmar ba. Sakamakonmu ya nuna kusurwar ta yi yawa nesa ba kusa ba, tsakiyar hilin da sauƙi, can yamma kusan ba komi. Abin da sunka yi ma kusurwar shi ne ruhewa, laka mai kauri a daddale, tsakuwa bisa, a zagaye da waya, ba shuka ba gini ba wasan yara. Na ce mishi to ai wanga shi ne abin da ɗan kwangilar farko ya yi, ya yi dariya ya ce bambancin shi ya ruhe abin da ake iya warkarwa kuma bai faɗa ma kowa mi ke ƙasa ba. Ko a Akuta can Arlit, mahaƙar Cominak da anka ruhe ranar 31 ga Maris 2021, tarin dusar yuraniyom wajen tan miliyan 20 ba kwashe ta za a yi ba, tsarin shi ne a lulluɓe ta da laka da dutsi kaurin mita 2, don wani dattin ba ya da inda za a kai shi. Garkar gwaggo can yamma ta koma, cikin kwamin da anka ɗaga da bulo anka ciko da ƙasar fadama daga waje, har yanzu tana mita kan nisan pampo.

Itacen da sunka zaɓa na gida ne, bagaruwa da dakwara da aduwa da ɗan gawo, sai gamba a bakin rabin wata don saiwarta ta riƙe ƙasa. Mu mun so bedi saboda inuwa, kowa ya ga layukan bedin kwarin Majiya da ƙungiyar CARE ta fara dasawa a 1975 ya san abin da itacen nan ke iyawa, sunka yarda anka jera shi gehen iska kawai, ciki kuwa masu ƙaya anka sa don su ke jure ƙasa marar daɗi kuma dangin bagaruwa na ƙara ma ƙasa ƙarhi. Mangwaro da lemu sun ce a jira tukuna. Ba su jira 3 ga Agusta ba don a ɗauki hoto ranar bikin dashen itace, cikin Yuli da ƙasa ta sha ruwa sosai sunka dasa. Bagaruwa ta kama da kyau, dakwara ma haka, gamba ta wuce tsawon mutum, gawo na nan shina jan ƙafa yadda ya saba a farko. Ƙarangiya da ta ƙi hitowa da, yanzu sai ka cire ta ga wando.

To ga inda sunka ba ni haushi. Giriyajin da sunka kewaye hilin da shi na araha ne, siriri, ƙasanshi ba a binne ba, awakin unguwa sunka gano cikin rani sunka shiga ta ƙasa sunka aske dashen layin kudu har ƙasa. A baki an yi da su cewa ban ruwan bazarar farko nasu ne, da zahin Afirilu ya taso sai yaron da ke zuwa da bido bisa amalanke ya ɗauke ƙafa, ka kira salular Injiniya tana shiga ba a ɗauka, in ya ɗauka shina wani shantiye wajen Abalak, "gobe in sha Allahu", goben da ba ta zuwa. Aduwa da yawa a nan ta mutu. Sun sake dasawa da damana ba su karɓi ko dala ba, wanga na yaba, amma shekara guda ta tsawon itace ta tahi, kuma kowa ya ci ladan kuturu ai dole shi yi mishi aski. Na fahimci furoje ta hi mu biya, sai dai in ba ka da mutanen da za su riƙe aiki biyu kada ka karɓi biyu.

Abu na biyu ya hi wancan damuna. Matan da ke juya baƙar ƙasar da samarin da sunka yi aikin kusurwar batir da silifa sunka fara, ba safar hannu ba abin ruhe hanci, wata ma da goyo a baya, sai da munka yi magana anka kawo but da takunkumi anka hana zuwa da yara. Mutumin da ya tsaya ya yi ma Hajiya wa'azin ƙurar dalma bai kamata a ce sai an tuna mishi da leburorinshi ba. Da na faɗa mishi haka bai yi musu ba, ya ce kuɗin kayan ba ya cikin debi, na ce to sa shi ciki mana.

Takardu kuma, sakamakon labo ya kwana a jakarshi an daɗe kamin mu gan shi, rahoton ƙarshe shafi kaɗan ne da Faransanci, ba taswirar da ke nuna ina kusurwar gubar ta fara ina ta ƙare, mu munka matsa sai da ya zana da hannu anka lissafa taku daga katanga. Wanga ba ƙaramin abu ba ne, hilin gado ne, gobe wani jika za shi sayar a yanka parsel, mai saye shi gina ɗakin yara daidai bisa wurin in ba takarda. Kawu ya kai kwahi guda meri ya aje guda wurin mai unguwa. Ƙasar da ɗan kwangilar farko ya kwashe kuwa har yau ba wanda ya iya ce muna ga inda anka zubar, ba laihin samarin nan ba ne amma abin na ci mani rai, wataƙila tana cikin cikon gidan wani. Doka mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998 ta ce wanda ya gurɓata shi ke biya, akwai kuma hukumar BNEE mai duba tasirin ayyuka ga muhalli, amma masu garejin namu sun watse ba takardar haya balle a kama wani, magada ne sunka biya komi.

Batun kuɗi, ba su da araha kuma ba su yi tsada ba in ka duba yawan hannun da aikin ya ci, abin da ya hi cin kuɗin ma ba itace ba ne, ruwa ne da ladan masu juya ƙasa da waya, dashen kanshi ɗan kaɗan ne cikin lissahi. Suna karɓar abansi kamin su fara, sauran kashi-kashi. Wanda hilinshi faƙo ne kawai ba mai ba batir, gaskiya ba ya buƙatarsu, dattijuwar nan da mutum biyar sun ishe shi. Amma mai tsohon gareji ko wurin wankin mota ko tsohuwar tashar mai ko inda anka yi narkar ƙarhe shi neme su, shi sa a rubuce wa ke ban ruwa har damana ta biyu, wane kaurin waya, kayan kariyar leburori, da ranar da za a damƙa mishi takardar labo da taswira, kuma shi riƙe wani kaso na kuɗin har itace shi tsallake bazara.

Mu cikon kuɗinsu na hannunmu har yanzu. Bayan kaka za a sake ɗibar ƙasa daga inda anka juya man da kuma kwamin gwaggo a aika Yamai, rijiyar da Kawu ke son ginawa an dakatar sai an gwada ruwan ta maƙwabta, kuma mun ce musu ladan sake dasa layin kudu da binne ƙasan wayar daga cikon za a cire. Injiniya ya ɗan yi tsaki amma ya sa hannu.